An ce a cire mata mahaifa ranar Litinin

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan aji. Wallahi raina a ɓace yake. Ƙanwata ce, shekararta 34, 'ya'yanta biyu, ta daɗe tana zubar da jini lokacin al'ada har ta ɗashe. Muka kai ta wani asibitin kuɗi, aka yi sikanin aka ce ƙari ne a mahaifa, faibirod. Likitan ko zama sosai bai yi da mu ba ya ce mahaifar za a cire gaba ɗaya, mu kawo kuɗi ranar Litinin. Na ce Dokta a ba mu takardar sikanin mu nuna wa wani, sai ya murtuke fuska ya ce idan ba mu yarda da shi ba me ya kawo mu. Ni dai na faɗa, duk wanda aka ce za a yi wa babban aiki kada ya sa hannu sai likita na biyu ya duba. Wasu daga cikin mutanen nan mahauta ne kawai da farar riga.

Maman Walid: Subhanallahi. Allah ya ba ta lafiya.

Ɗan Sarkin Fawa: Amin. Amma Baban Ummi, mahauta me suka yi maka? Ka rasa da wa za ka zagi likita sai da sana'ar ubana? Naman sunan Ummi wa ya feɗe maka shi?

Baban Ummi: Haba ɗan uwa, ka san ba kai nake nufi ba.

Ɗan Sarkin Fawa: To wa kake nufi? Haka kuke yi, a ci tsirenmu da daddare, da safe a hana mu auren 'ya'yanku. Mahauci bai taɓa yanka abin da ba a sayar masa ba.

Na Zage-zagi: Ai ni likitocin aka zaga, ba mahauta ba. Mutum ya yi shekara shida a jami'a, ya yi hausmanshif, ya yi bautar ƙasa, ya ƙara wasu shekarun kafin ya zama kwansaltan, sannan wanda ko allura bai iya ba ya kira shi mahauci.

Ɗan Sarkin Fawa: Ka ji ko? Shi ma ya ɗauka zagi ce. Ashe duk haka kuke.

Sista Uwani: Don Allah ku bar zancen fawa, mace na kwance. Baban Ummi, neman ganin wani likitan ba raini ba ne, kuma sakamakon sikanin da na gwajin jini ku nemi kwafinsu, nata ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a yi wa majiyyaci bayanin hanyoyin maganin da ake da su, da haɗarinsu da kuɗinsu, kuma yana da damar ya ƙi. A 2018 ma Osinbajo ya ƙaddamar da kundin haƙƙin majiyyata. Kan faibirod kuwa, aiki iri biyu ne: akwai wanda ake ciro ƙarin kaɗai a bar mahaifa, akwai wanda ake cire ta duka. Na farkon yakan ci jini sosai, ƙarin kuma yana iya dawowa, shi ya sa wasu likitocin ke zaɓar na biyun idan ƙarin ya yi yawa ko mace ta gama haihuwa. Ta yiwu likitanku yana da dalili, bai faɗa muku ba ne. Ku tambayi guda nawa ne, girmansu, ina suke zaune, nawa ne PCV ɗinta, wato awon yawan jininta, kuma shi likitan mata ne ko kuwa na kowa da kowa. Ita kanta an tambaye ta tana son ƙarin haihuwa?

Maman Walid: Ni wata maƙwabciyata haka aka ce mata, ta sha hulba da habbatus sauda da zuma, ƙarin ya narke tas. Ina da lambar mai haɗawa.

Sista Uwani: An sake sikanin an ga ya narke? Shekarunta nawa? Idan ta kusa daina al'ada, da kansa yake motsewa, ba hulba ba ce.

Maman Walid: Ku dai ma'aikatan asibiti ba kwa son a ambaci maganin Musulunci. Kasuwarku ce za ta mutu.

Sista Uwani: Kasuwa? Albashin nawa kika gani?

Na Zage-zagi: Ku kawo ta Shika, asibitin koyarwa na ABU Zariya, kawai a huta. Duk likitan da kuke taƙama da shi a Arewa, ko shi ko malaminsa a Zariya ya koyo.

Bakano Dabo: An fara. Mutum na Kano, ga Asibitin Malam Aminu Kano a gabansa, sai ya ɗauki mai zubar jini ya hau titin Zariya? Don me?

Na Zage-zagi: Don a 1988 aka kafa naku. Namu ya yaye likitoci tun kafin nan.

Bakano Dabo: To tsufa magani ne? Ilimi a Zazzau, amma kuɗin mota a Kano ake nemo shi.

Ɗan Maraɗi: Mu nan idan abu ya gagara Galmi ake zuwa, asibitin mishan a jihar Tawa. Mutanenku na Sakkwato da Illela ma suna tsallakowa.

Bakano Dabo: Ku da kuka yi ta gaba da mu tun juyin mulkin 2023, yanzu kuma gayyatarmu kake?

Ɗan Maraɗi: Wa ya yanke wa wa wutar lantarki? Kar ka tono wannan.

Alhaji Kwantiragi: Ni shawarata Masar ko Indiya. Ina da yaro a Alƙahira, shi zai tarbe ku tun daga filin jirgi.

Baban Ummi: Alhaji kuɗin aikin nan ma karo-karo muke yi.

Dokta Ƙarami: Yanzu na fito daga tiyata na tarar da saƙo rututu. Baban Ummi, a irin wannan aikin da ba na gaggawa ba, ni kaina zan ce ka je wani ya duba, kuma likitan da ya san aikinsa ba ya hana takarda. Amma ka cire kalmar "duk wanda". Mace da cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, ko naƙuda ta tsaya, ko afendis ya fashe, idan aka tsaya yawon neman na biyu gawa za a ɗauko. Abin da muke gani kuma, mutum ba ra'ayi na biyu yake nema ba, wanda zai ce masa ba sai an yi aiki ba yake nema. Ya je na uku, na huɗu, ya biya ta wajen mai magani a kasuwa, ya dawo bayan shekara jini ya ƙare. Ku je wajen ƙwararren likitan mata cikin satin nan da takardunku, a fara gyara mata jini tun yanzu. Sannan ban ji daɗin "mahauta" ba. Abokan karatuna da yawa suna Saudiyya da Ingila, mu da muka tsaya wannan ne tukuicinmu.

Ɗan Sarkin Fawa: Dokta kai ma? Me ke cikin kalmar da ba ka ji daɗi ba? Faɗa mini.

Dokta Ƙarami: Yallabai ni ba da kai nake ba.

Ɗan Sarkin Fawa: Kowa ba da ni yake ba. To ni na fita.

Maman Walid: A mayar da shi don Allah, shi ke kawo mana kilishi ranar taro.

Baban Ummi: Jama'a har yanzu ba wanda ya ce mini idan asibitin suka ƙi ba da takardar me zan yi.

Sista Uwani: Ita ta nema da kanta a rubuce. Idan sun ƙi, sikanin ba shi da tsada kamar aiki, ku sake wani a can.

Admin (Na Zage-zagi): To, a tsaya haka. Abin da aka cimma: na ɗaya, kowa ya yarda Baban Ummi ya yi wa likitoci rashin adalci, ya janye maganarsa. Na biyu, akasarin 'yan aji sun ba da shawarar a kai ta Shika. Na uku, maganar zuwa wajen likita na biyu, Dokta ya nuna mana haɗarinta. Zancen hulba a koma da shi gefe. Na rufe zauren zuwa bayan isha'i.

Bakano Dabo: Akasarin wa? Kai kaɗai ka ce Shika. Kuma Dokta cewa ya yi a je.

Admin (Na Zage-zagi): Na ce na rufe.