Wai sayen makirfon kondensa don naɗar jita a gida asarar kuɗi ne?

Nasiru, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Zan faɗi magana, wanda zai ji haushi ya ji. Duk wanda ke zaune a gidan haya a garin nan ya sayi makirfon kondensa, wato irin na sitidiyo mai saurin ji, don ya naɗi jitar katako, ya zubar da kuɗinsa. Wata uku ke nan da na sayi nawa tare da sawun-kad, akwatin da ke haɗa makirfo da kwamfuta, har yau ban samu naɗi ɗaya da zan tura wa mutum ba tare da jin kunya ba. Jiya na saurari abin da na ɗauka: jitar tana can baya kamar a cikin randa, amma zakaran maƙwabta da injin markaɗen bayan gida sun fito tas. Da makirfon dainamik na saya, wato irin na wajen biki, kamar samfurin SM57, da tuni na huta.

Istifanus, Zuru: Barkanmu da yamma. Nasiru, kafin mu yanke wa makirfo hukunci, ina ka dasa shi?

Nasiru: Daidai ramin jitar mana. Ba ta nan sauti ke fitowa ba? Da na ji rugugi ya yi yawa sai na ja shi baya kamar kamu biyu.

Istifanus: To ka ga inda gizo ke saƙar. Shekara goma sha ɗaya ina kaɗa jita a coci, kuma duk wanda ya fara naɗi a nan yake faɗawa. Ramin nan iska ce ke shiga da fita ta cikinsa, kamar ka hura bakin kwalba, kuma amonta yana wajen 100 Hz, wato girgiza ɗari a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa ka ji bum-bum. Sautin kirki daga allon fuskar jitar yake fitowa da kuma tsirkiyoyin. Ka saita makirfon wajen da wuya ya haɗu da ciki, tsakanin firet na 12 da na 14 (firet su ne ƙarafan da ke jere a wuyan jita), nisan taƙi ɗaya, wato santimita 20 ko ƙasa da 30. Ka ɗan karkata kansa daga ramin. Gwada wannan tukuna.

Abba, Jega: Ni fa ina bayan Yaya Nasiru, har ma na wuce shi. Me ya kai mutum ga makirfo tun farko? Jitata tana da fikof, ɗan abin da ke ɗaukar sautinta ya tura ta waya, na soka waya a sawun-kad, ba zakara ba akuya ba ɗan acaɓa. Sauran aikin manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ne, in zuba mata amsa-kuwwa in gyara sautin da ikwalaiza ta fito kamar a Legas aka yi ta.

Istifanus: Abba, fikof ɗin da ke ƙarƙashin gadar jita girgizar tsirkiya yake ji, ba ya jin iskar da katako ya motsa. Shi ya sa yake ba da sautin nan mai kaushi kamar ana jan roba. A cikin kiɗa mai ganga da fiyano zai ɓuya, ban musa ba. Amma jita ita kaɗai da murya? Kunne zai gane.

Abba: Kunnen wa? Mutanenmu a lasifikar waya suke ji, Oga.

Malam Garba, Argungu: Wa alaikumus salam. Na daɗe ina karanta ku ina dariya. Nasiru ɗana, wanga ba laihin makirfo ba ne. Bari in gaya maka abin da anka koya muna sa'ad da munka fara aiki gidan rediyo, tun ana naɗi da tef. Makirfo bai san zakara ba, bai san jita ba. Abin da ya iske bakinai shi yaka ɗauka. Duk sa'ad da ka ninka nisan da ke tsakaninai da jita, ƙarfin jitar ya ragu da kamar desibel 6, desibel ko shi ne ma'aunin ƙarfin sauti, amma zakara shina nan inda yake, bai ragu ba. Kai kac ce ka ja shi baya kamu biyu. Daga taƙi guda zuwa kamu biyu ka ninka nisa sau biyu ko fiye, ke nan ka ba zakara kyautar desibel 12 da hannunka, sannan ka buɗe gen, maɓallin ƙara ma makirfo ƙarfi, don jitar ta taso, shi ko ya taso tare da ita. Ko SM57 ka aza wurin nan haka za ka ji.

Nasiru: Ranka ya daɗe, a nan kam ban yarda ba. Kowa ya san kondensa ya fi dainamik ji. Na taɓa riƙe dainamik a wajen biki, janareta na ruri a gefe, amma murya ce kawai ke fita.

Malam Garba: Ina ka riƙe shi?

Nasiru: A bakina.

Malam Garba: To ka ba kanka amsa. Leɓenka na taɓa shi, janareta na can nesa. Kondensa ya hi ƙarfin fitar da sigina, gaskiya ne, amma jita da zakara duka yaka ƙara ma ƙarfi, ba ya zaɓe. Abin da za ni yarda da kai guda ne: SM57 daga 40 Hz zuwa 15,000 aka rubuta mashi, kondensa ko galibi har 20,000 suka kai, kuma fatar cikinsu mai jin sauti ba nauyi, sun hi kama ƙananan abubuwa na sama, irin shuuu na fanka da ƙarar yatsa bisa tsirkiya. Wannan bambanci akwai shi. Amma wagga ƙyalƙyalin ta sama ita ce mutum ke biɗa in ya ce yana son jitar katako ta yi kyau. Kada ka raina SM57 kuma, tun 1965 ake yin shi, shi ne ake azawa gaban shugabannin Amurka in za su yi jawabi. Sai dai ba maganin zakara ba ne.

Hauwa, Yauri: Sannunku. Baba Garba ya gama da zakara, ni randar nake so in taɓa. Yaya Nasiru, ɗakin naka tayil ne a ƙasa?

Nasiru: Tayil, bango siminti da fenti, silin na roba. Ba komai ciki sai tebur da kujera, da gangan na kwashe kaya don ya zama sitidiyo.

Hauwa: Wayyo. Tsaya tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wani zirrr ya biyo baya, sauti ne ke kai da komo tsakanin bango biyu masu santsi da ke kallon juna. Shi ne randar. Ni tallar rediyo nake haɗawa, kuma na sha wannan wahalar har na kusa sayar da kayana. Wata rana aka kai ni ƙauye wajen kakata, na tafi da laftof don kada aiki ya kwana. Ɗakinta na ƙasa ne, bangon ya yi kauri kamu guda, yaɓen ba daidai ba, sama azara da zana, ga gado da katifa, ga tabarmi a jingine, ga buhunan shinkafa uku a lungu. Na zauna bakin gado na kaɗa sau ɗaya, sai na cire hedifon na sake dubawa ko wani abu na taɓa a kwamfutar. Makirfon da nake zagi a gida, shi ne dai. Tun daga ranar na mayar da kayan da na kwashe: darduma a ƙasa, katifa a jingine bayana, bargo biyu a rataye ɗan nesa da bango.

Abba: Anti Hauwa, wato mu koma ɗakin ƙasa ke nan? Ni na manna kiret ɗin ƙwai a bango gaba ɗaya, ya fi sauƙi.

Hauwa: Kiret ɗin ƙwai kyankyasai kawai zai tara maka. Takarda ce siririya, ba ta da kaurin da za ta sha sautin ƙasa, kuma ba ta hana ƙarar waje shigowa. Hana ƙara shigowa aikin nauyi ne da toshe kafa, shi ya sa bangon kakata ya yi. Bargon ma da nake faɗa amsa-kuwwar ciki yake ragewa, ba zai tsayar da injin markaɗe ba.

Nasiru: Yawwa! Kin dawo kan maganata. Injin markaɗen fa? Kuma a watan Afrilu, zafi ya haura 40, in kashe fanka in rufe taga in rataya bargo? Gawata za a fitar.

Istifanus: Wannan kuma lokaci ne, ba makirfo ba. Ni bayan sha biyun dare nake naɗi, minti biyar-biyar, in buɗe ƙofa in sha iska in koma. Da damina kuwa in ruwa ya fara dukan kwano sai a nannaɗe waya kawai. Wani abu kuma, in kana jin huuum a ƙasa-ƙasa, zare cajar laftof ka yi aiki da batir. Wutarmu 50 Hz ce, kuma gidajen da ba a yi musu wayar ƙasa da kyau ba suna shigar da ita cikin naɗi. Tsirkiyar da ta fi kauri a jita 82 Hz take, don haka duk abin da ke ƙasa da 80 yanke shi, babu abin jita a wurin. Kada kuma ka cika gen. In kana naɗi a bit 24, bari kololuwar ta tsaya wajen desibel 12 ƙasa da jan layin ma'auni, inda sauti ke fashewa.

Malam Garba: Ku ƙara da hunturu. Katakon jita shina son damshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu ko nan in iskar hunturu ta taso sai leɓe ya tsage balle allo. Fuskar jita ta lotsa, tsirkiya ta riƙa taɓa firet tana zizz, mutum ya ce makirfo ne. Jiƙa soso ka matse shi sarai, ka aza cikin gidan sabulu mai huji, ka sa cikin jakar jitar.

Nasiru: To shi ke nan, surutu ya isa. An ce gani ya kori ji, yau ji ne zai raba mu. Na aro SM57 wajen wani mai kayan biki. Ga naɗi biyu na turo, na ɗaya da na biyu, kiɗa iri ɗaya, duka nisan taƙi guda a firet na 12 yadda Istifanus ya ce, katifa a bayana. Ban faɗi wanne ne wanne ba. Ku zaɓa.

Hauwa: Na biyu. Ana jin fik, ɗan robar kaɗa jita, yana taɓa tsirkiya.

Istifanus: Na biyu, ba ko tantama.

Abba: Na ɗaya ya fi cika a wayata. Amma duka biyun sun fi wanda ka turo satin jiya nesa ba kusa ba.

Malam Garba: Na biyu ya hi haske, na ɗaya ya hi nama. In da waƙa za a aza bisa da ganga, na ɗaya zan ɗauka.

Nasiru: Na biyun kondensa ne. Amma kada ku yi murna, ƙarfe ɗayan dare na naɗe shi. Na ɗayan da la'asar na yi, injin markaɗe na aiki, kuma ba wanda ya ce ya ji shi a cikinku. Ke nan maganata ta tabbata.

Malam Garba: Ta tabbata ko ta rushe? Ba ka gwada kondensan da la'asar ba a wanga nisa. Ka canza makirfo ka canza lokaci, wane za mu ba ladan?

Istifanus: Tsaya ma tukuna. Na sake saurare da hedifon. Nasiru, tsakaninka da Allah, tsirkiyoyin na biyu sababbi ne ko?

Nasiru: Ta ukun ce ta tsinke bayan magariba, sai na canza duka shidan. Tsofaffin tun Sallar bara suke kai.

Hauwa: Innalillahi. Yaya Nasiru, ai sabuwar tsirkiya kaɗai ta isa ta kawo hasken da muka ji. Gwajin nan bai zauna ba.

Abba: Fikof dai ba ya buƙatar mutum ya hana kansa barci.

Malam Garba: Kada ka maida SM57 ɗin tukuna. Gobe da la'asar ka aza su biyun gefe da gefe, kawunansu daidai da juna, kowane cikin nashi rami na sawun-kad, ka kaɗa sau guda su ɗauka tare. Ka daidaita ƙarfinsu kafin ka turo, don kunne kullum wanda ya hi ƙara yaka zaɓa. Maɓallin bolt 48, mai ba kondensa wuta, ka danna shi bayan ka soka wayoyi, ba zai cuci dainamik ba in wayar mai baki ukku ce lafiyayya.

Nasiru: Sawun-kad ɗina ramin makirfo ɗaya gare shi, ranka ya daɗe.

Istifanus: Nawa biyu ne. Ranar Asabar ina da saƙo a Birnin Kebbi, zan taho da shi. Ka roƙi mai kayan bikin ya ƙara maka kwana uku, ka kuma gaya wa mai markaɗe kada ya tashi da wuri ranar.