Ƙafar Babanmu tana ɗaurewa in yana tafiya, in ya tsaya ta saki, meye wannan?

Ummu Khalifa:
Slm yan uwa, dan Allah shawara nake nema akan Babanmu. Shekararsa 67, yana da shago a Kantin Kwari, da can a ƙafa yake takawa daga gida Fagge har kasuwa amma yanzu wlh ko masallacin layinmu sai ya tsaya a hanya sau biyu, wai sha-raɓarsa ce take ɗaurewa kamar an matse ta da igiya, in ya jingina da katanga ɗan lokaci sai ta saki, ya ci gaba ta kuma dawowa. Yana da suga da hawan jini, taba kuma tun yana saurayi, yace ya rage dai. Wani mai kemis yace sanyi ne ya haɗo mana magani, kuɗin kawai muka zubar. Jiya Hajiya ke cewa ƙafar hagu ta fi ta dama sanyi in ka taɓa.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya ba shi lafiya. Sanyi ne da girma Hajiya, ku kai shi wajen wanzami a yi masa ƙaho sannan a dinga gasa ƙafar da ruwan zafi.

Anti Nas:
A'a Malam, dan girman Allah kar a tsaga ƙafar mai suga, kar kuma a gasa ta, wani ko ya ƙone ba ya ji. Ummu Khalifa abin da kika faɗa ya yi kama sosai da cushewar jijiyoyin jinin ƙafa. Kitse ne yake taruwa a cikin jijiyar da ke kai jini, hanya ta tsuke, in mutum yana zaune jinin da ke wucewa ya ishe shi, da ya fara tafiya naman ƙafa ya nemi ƙari sai a rasa, shi ne ciwon. Taba da suga su ne kan gaba wajen jawo shi, sai hawan jini da shekaru.

Kuma ba ciwon masu kuɗi bane kamar yadda ake ɗauka. Ƙiyasin 2010 ya nuna mutum sama da miliyan 200 ke da shi a duniya, kusan kashi 70 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu suke. Abin da ke min ciwo gwajin farko ba wani abu bane, a auna hawan jini a hannu a auna a idon sawu da yar na'urar dofla mai jin motsin jini a jijiya, a raba na idon sawu da na hannu, in ya yi 0.9 ko ƙasa akwai matsala. Amma mu nan sai yatsa ya yi baƙi ake kawo mutum. Ku kai shi babban asibiti, Murtala ko na Malam Aminu Kano, ku faɗa wa likita yadda kika rubuta nan sak. Kitsen da ya toshe ƙafa yana iya toshe na zuciya da ƙwaƙwalwa, shi yasa likita kan ba da maganin rage kitse da na hana jini daskarewa, kar dai ku saya da kanku. Taba kam ba ragewa ba, ajiyewa.

Abba Hotoro:
Ku ji maganar Anti. Kawuna takalmi ne kawai ya ɗan goge masa ƙaramin yatsa, aka ce jifa ne, wata huɗu ana tofi ana shafe shafe, da daddare ba ya barci sai ya zuro ƙafar ƙasa daga kan gado, ashe alama ce ta jini baya isa. Ranar da muka kai shi asibiti sai ƙasan gwiwa aka yanke, har yau fili ɗaya da muka sayar ba mu maida shi ba.

Ummu Khalifa:
Innalillahi. Na gode ƙwarai, na tura wa Yayanmu duka, ranar Litinin in sha Allah za mu kai shi. Anti to ya daina takawa masallacin ne kafin nan?

Anti Nas:
In babu gyambo a ƙafar kuma ba ta ciwo yana zaune, ya ci gaba da takawa, tafiyar ma tana cikin maganin, ya tsaya ya huta in ta ɗaure. Yau da daddare ki sa Hajiya ta haska fitila ta duba tsakanin yatsunsa da diddige, in an ga rauni ko baƙi kar ku jira Litinin.