Rabuwar arziki ko sakin sulhu?

Jama'a, a taya ni. Ina fassara wani shirin rediyo nan Gusau, sai na ci karo da abin da Turawa ke kira "uncontested divorce": miji da mata sun gama magana tsakaninsu kan 'ya'ya da ciyarwa da kayan ɗaki, suka tafi kotu, wani lokaci ma ba lauya, alƙali ya sa hannu kawai. Me za mu kira shi?

Da farko na rubuta "sakin sulhu". Wata yaya daga Talata Mafara ta ce, "Ƙanena, sulhu ai komen aure ake yi da shi, ba rabuwa ba." Gaskiyarta. Kuma saki a wurinmu a bakin miji yake, ya furta ko ya rubuta a 'yar takarda ya ba yaro ya kai. A wurin Turawa kuwa galibi sai kotu ta raba. Ko a Najeriya, auren rajista yana ƙarƙashin dokar 1970, babbar kotu ce kaɗai ke warware shi. In sun shekara 2 a rabe kuma wanda aka kai ƙara bai ƙi ba, an samu hujja, amma hukuncin farko sai ya yi wata 3 kafin ya tabbata.

Wani ya kawo hul'i. Bai hau ba, don hul'i fansar kai ne, mace ta mayar da sadaki ko abin da aka daidaita. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara a 1999, kai tun kafin nan, mata ke zuwa gaban alƙali neman hul'i ba lauya, sai waliyyi ko ƙane a gefe. Rashin lauyan ba baƙonmu ba ne, "tsaya wa kai" ta wadatar.

Wani malami daga Ƙaura Namoda ya ce, "Ɗana, mubara'a ke nan, tana cikin littattafan fiƙihu." Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ma'anarta, wato rabuwa da yardar juna, ta zauna daram. Sai dai na gwada ta a kan mai shayin ƙofar gidanmu, ya tsaya da ludayi a hannu yana kallona.

Da na ce masa "rabuwar arziki" kuwa, nan take ya ce, "Ato, ba baram-baram ba ke nan, ba dutse a hannun riga." Ita na sa a rubutun: rabuwar arziki a gaban alƙali. Mai ja ya kawo tasa kafin Laraba, ranar za mu naɗi shirin.