Tolget ba shinge, mota ba hayaƙi: a taimaka mini da kalma

Mai neman kalma:

Salamu alaikum jama'a. Tun da hantsi nake fassara wani labari, jimla ɗaya ta tsaya mini a wuya. Labarin na Tarayyar Turai ne. A 2022 suka yi wa dokarsu ta kuɗin hanyar manyan motoci kwaskwarima, wadda ake kira Eurovignette, asalinta ta 1999. Gyaran ya ce kuɗin da motar kaya za ta biya ya riƙa tafiya da yawan iskar kabon da take fitarwa. Aka kasa motocin aji 5. Aji na 1 ne ke biya cif. Aji na 5 su ne waɗanda Bature ya kira "zero-emission", wato waɗanda kabon ɗinsu sifili ne, aka ce a rage musu kashi 50 zuwa 75 cikin 100, ƙasar da ta ga dama ma ta ɗauke musu gaba ɗaya. Izinin ɗaukewar a ƙarshen 2025 ya kamata ya ƙare, sai aka ƙara wa'adin zuwa 30 ga Yunin 2031.

Ga abin da na rubuta: "tallafin harajin tolget ga tireloli masu amfani da makamashi mai tsafta". Na karanta shi da ƙarfi, kunnena ya ƙi karɓa. Ya yi tsawo, kuma ina zargin kusan kowace kalma a ciki. A taimaka.

Direba:

Wa alaikumus salam Malam. Fara da cire tolget. Ni a Jamus nake tuƙi, kuma ban taɓa tsayawa a wani shinge na miƙa kuɗi ba. Wani ɗan akwati ne a gaban mota, bai kai tafin hannu biyu ba. Da safe kafin ka tashi sai ka duba ko ya san nauyin motarka da yawan layin tayoyinta, in ka ga koriyar fitila ka kama hanya. Shi ke magana da tauraron ɗan Adam, yana ƙirga kilomita, lissafin ya tafi ofis. A manyan tituna akwai ƙarafa da aka gitta a sama masu kyamara, a sauran hanyoyin gwamnatin tarayyar Jamus kuma wasu shuɗayen ginshiƙai masu tsawon mita 4, baƙo sai ya ɗauka na kama masu gudu ne ya taka birki. Aikinsu kawai su ga ko ka biya. Tun 1 ga Janairun 2005 ake wannan tsari, su Jamusawa "Maut" suke cewa. In ka ce tolget, mai sauraro zai hango layin motoci da mutum a cikin ɗan ɗaki yana ba da canji. Babu ko ɗaya.

Mai neman kalma:

Na gode Oga. To kuɗin fito fa? Na ga kamar ya yi daidai, tunda kuɗin tsallakewa ne.

Malama:

A'a ɗan'uwa, fito ya riga ya yi aure. Asalinsa na kwalekwale ne, ka biya a tsallakar da kai ruwa, daga baya ya koma gidan kwastam. Yau in ka ce an rage wa motocin lantarki kuɗin fito, kowa zai fahimci an rage kuɗin shigo da su ta kan iyaka ne. Wannan labari ne daban.

Harajin ma ban yarda da shi ba. Haraji ana bin ka ne ko ka fita ko kana kwance a ɗaki. Wannan kuwa in motar ta kwana a gareji ba ta biyan ko sisi, in ta yi kilomita 800 ta biya na 800. Kuɗin hanya ya isa. Kalma biyu, kowa ya gane, kuma ta ɗauki mai shinge da mara shinge. In kana son bambancewa a cikin labarin sai ka ce kuɗin hanya na kilomita, da kuɗin hanya na wa'adi, wato irin na sitika da ake saye na rana ko wata ko shekara. Ita dokar ta 2022 so take a bar na wa'adin a koma na kilomita a manyan hanyoyi. Danmak ta koma tun 1 ga Janairun 2025.

Direba:

Ni da za a bi ta tawa, kuɗin kwalta zan ce, don kwaltar ce muke ci da tayoyinmu. Amma na Malama ya fi kyau a rediyo.

Dattijo:

Ku yi haƙuri da tsoho ya sa baki. Kalmar da ta fi damuna a jimlarka, yaro, ita ce tallafi. Tallafi hannu ne da ake sa wa abin da zai faɗi, kuma a bakin mutane ya zama kuɗin da gwamnati ke fitarwa daga aljihunta ta ba ka. A nan ba wanda ya ba mai mota komai. Abin da ya kamata a karɓa ne aka rage. Wannan rangwame sunansa. In an ɗauke duka, an yafe. Kalmomi biyu ne da muke da su tun kaka da kakanni, ba sai an ƙera sabuwa ba.

Mai neman kalma:

Gaskiya ne Baba. Sai dai kalmar Turancin da na fassara da tallafi tana ɗauke da wata niyya da rangwame bai ɗauka ba. Ba don tausayi aka rage ba, don a ja ra'ayin mai mota ne ya sayi irin wannan. Na yi tunanin tukuici, na yi tunanin ihisani.

Dattijo:

Tukuici bayan an kawo maka saƙo ake ba da shi, ihisani kuma don Allah ake yi. Wannan kuwa hatsi ne ake zuba wa kaza don ta shiga akurki. Kwaɗaitarwa ke nan. In dole sai ka bayyana niyyar, ka ce rangwame don kwaɗaitarwa, sau ɗaya a farkon labari, daga nan ka ci gaba da rangwame abinka. Mai sauraro ba yaro ba ne. Ya san gwamnati ba ta rage kuɗi a banza.

Injiniya:

Bari in sa lissafi a maganar Baba, don a ga girman hatsin. Daga 1 ga Disamban 2023 Jamus ta ɗora kuɗin kabon a kan kuɗin hanya, Yuro 200 kan kowane tan na iskar. Babbar tirela ta dizal mai layin taya 5, sabon inji, da tana biyan santi 19 na Yuro a kilomita, sai ta koma 34.8. Kusan ninki. Ita kuwa ta batir an yafe mata. Ka ɗauka mota ta yi kilomita 100,000 a shekara a kan hanyoyin da ake biya, kuma suna da yawa, sun haura kilomita 50,000 tun da aka haɗa da dukan hanyoyin tarayya a 2018. Yuro 34,800 ke nan mai dizal zai biya, mai batir bai biya ba. Motar batir tana ninka ta dizal tsada wajen saye, wani lokacin ma fiye, don haka mai kamfanin sufuri ba ya kallon kyawun muhalli, takarda yake ɗauka ya lissafa shekara nawa ragin zai cike gibin. Shi ya sa ƙara wa'adin zuwa 2031 ya fi adadin ragin kansa muhimmanci a wurinsu. Wanda zai sayi motar da zai yi shekaru yana biya ba zai dogara da alkawarin da zai ƙare baɗi ba.

Saboda haka ina roƙon kada a haɗa rangwame da yafewa a fassara. Ostiriya rangwame take yi, na kashi 75. Jamus yafewa ta yi. In ka kira su duka da suna ɗaya ka ɓatar da labarin.

Mai neman kalma:

An gama da biyu. Saura mai wuyar. "Makamashi mai tsafta" na sa, amma ni kaina na san kwaskwarima ce.

Direba:

Ka ce mota mara salansa mana, tunda ba ta da bututun hayaƙi.

Malama:

Haba Oga! Mota mara salansa ai ita ce mai tashin unguwa daga barci. Ka ɗauko motar da ta fi kowacce shiru ka ba ta sunan wadda ta fi kowacce ƙara.

Direba:

Wasa nake Malama. Amma shirun gaskiya ne. Ranar da na fara ganin irinta a wurin lodi, tana ja da baya har ta kusa iso ni, ƙarar gargaɗin kawai na ji da kukan taya a kan siminti. Na saba jikina ya ji rugugin inji kafin idona ya ga mota.

Malama:

Ni mara hayaƙi zan ce, in tafi.

Injiniya:

A nan ne nake da ja, Malama. Hayaƙi abin da ido ke gani ne. Iskar kabon da dokar ke aunawa ba ta da launi, ba ta da wari. Sabuwar tirelar dizal mai matatar toka a bututunta, ka tsaya a bayanta ba za ka ga baƙin komai ba, alhali kowace lita da ta ƙona ta saki kabon kilo 2.6 da ɗoriya. Motar gas ma haka. Jamus ta taɓa yafe wa motocin gas kuɗin hanya daga 2019, ta janye a ƙarshen 2023, don su ma suna fitar da kabon. In muka ce mara hayaƙi, mai sauraro zai jefa waɗannan duka a ciki. Sannan ga motar haidurojin mai haɗa wutarta da kanta, da sanyi za ka ga farin tururi na fita daga gare ta, amma tana aji na 5, don ruwa ne kawai. Ka ga an juya: wadda ake ganin abu na fita ba ta da laifi, wadda ba a gani ita ce mai laifin. Ni "mara fitar da kabon" na fi so.

Malama:

Na ji hujjarka Injiniya, amma ban sauka ba, kuma ga dalilina.

Na farko, hayaƙi ya daɗe da faɗaɗa. Shekara nawa muna jin "hayaƙi mai ɗumama yanayi" a labarai? Ba wanda ya taɓa bugo waya ya ce a nuna masa launinsa. Kalmar ta riga ta ɗauki abin da ƙonewa ke fitarwa, a gan shi ko kar a gani. Tururi kuma Bahaushe bai taɓa kiransa hayaƙi ba, ya san na tukunya daban, na murhu daban.

Na biyu shi ne wanda ya fi mini nauyi. "Mara fitar da kabon" da "makamashi mai tsafta" duk suna yin alkawarin da motar ba za ta iya cikawa ba. Wutar da aka cika batirin da ita, in daga tashar kwal ta fito, an saki kabon a can. An saki wajen ƙera batirin, kuma ba ƙaramin batir ba ne, na tirelar eActros 600 ta Mercedes ya haura kilowat-awa 600. Taya na cinyewa tana barin ƙura a hanya. Dokar Turai ba ta auna ko ɗaya daga cikin waɗannan wajen rarraba ajin ba, bakin bututun motar kawai ta duba. To mara hayaƙi iyakar abin da ya faɗa ke nan: wannan motar, a inda take, ba ta hayaƙi. Bai rantse a kan tashar wuta ba. Ni a ganina tamu ta fi ta Baturen gaskiya ma, don shi sifili ya ce, kamar an share komai.

Injiniya:

Na biyun ya kama ni. Amma bari in bar miki ƙaya ɗaya. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2024, wadda ta ce sababbin manyan motoci su rage kabon da kashi 45 a 2030, 65 a 2035, 90 a 2040, ta yarda a kira mota da wannan suna ko tana da inji mai ƙona abu, muddin kabon ɗin bai wuce giram 3 ba kan kowane tan a kilomita. An yi haka ne don injin da ke ƙona haidurojin. Wannan tana da salansa, tana da ƙara, tana ƙonawa. Mara hayaƙi ce?

Malama:

Mara hayaƙi a idon doka. Ranar da labarinta ya zo sai a ƙara waɗannan kalmomi uku. Ba zan lalata sunan motoci dubu saboda guda ɗaya ba. Aji na 4 kuma masu ƙarancin hayaƙi, ka ga sun jeru.

Dattijo:

Kuma kar a ce motar lantarki a madadinsa, ko da ya fi sauƙi. Yau batir ne ya fi yawa, amma dokar ba ta ambaci abin da mota ke ci ba, abin da take fitarwa ta ambata.

Direba:

Tirelar ma a duba ta Malam. Daga 1 ga Yulin 2024 Jamus ta sauko da kuɗin har kan motar da ta haura tan 3.5, irin masu kai kaya shaguna. Waɗannan ba tireloli ba ne, ba su da kai da bodi daban. Daf kuma da muke kiran kowace babbar mota da shi, sunan kamfani ne na Holan, kar ya shiga labari. Motocin dakon kaya ya kwashe su duka.

Mai neman kalma:

Allah ya saka da alheri. Ga yadda jimlar ta koma: "Tarayyar Turai ta ƙara wa ƙasashenta wa'adin yafe kuɗin hanya ga motocin dakon kaya marasa hayaƙi zuwa 30 ga Yunin 2031." A sakin layi na biyu zan sa rangwamen kashi 50 zuwa 75, in ambaci kwaɗaitarwa sau ɗaya kamar yadda Baba ya ce, in kuma fayyace cewa hayaƙin da ake nufi iskar kabon ce, don Injiniya ya samu barci.

Injiniya:

Zan samu, in ka rubuta "a bakin bututu" a wani wuri.

Direba:

Wane bututu kuma Injiniya? Ai ta batir ɗin ba ta da shi.