Tausayin bayi ne ko dai lissafin kujeru?

Malam Bala: Ni matsayina ɗaya ne, rigimar da Amurkawa suka yi kan ko a kai bauta sababbin yankuna ba tausayin baƙar fata bane, lissafin kujerun majalisar dattawa ne. A 1819 jihohin bauta 11 ne, marasa bauta ma 11, kowace jiha sanata biyu, da Missouri ta nemi shigowa da bayinta sai a 1820 aka yanko Maine daga Massachusetts don kar sikeli ya rinjaya, aka ja layi a yankin Louisiana da suka saya wurin Faransa aka ce daga nan zuwa arewa ba bauta, banda ita Missourin. To ina tausayi a nan?

Hajiya Ummi: Haba Malam, jini fa aka zubar. Da Sanata Stephen Douglas ya kawo dokar yankunan Kansas da Nebraska a 1854 yace mazauna su zaɓa da kansu ko za a yi bauta ko a'a, 'yan Missouri suka riƙa tsallakowa suna dangwala ƙuri'ar maguɗi, a 1856 masu son bauta suka farma garin Lawrence na Kansas, a shekarar ne ma ɗan majalisa Preston Brooks mai goyon bayan bauta ya lakaɗa wa Sanata Sumner mai adawa da ita duka da sanda a cikin majalisa saboda jawabinsa kan Kansas. Talaka zai bada ransa ne don kujerar wani?

Auwal: Hajiya ki yi haƙuri amma ina bayan Malam. Talakan nan, gona yake wa faɗa, baya son mai bayi ɗari yazo ya kwashe fili ya karya kuɗin ƙwadago. Ɗan majalisa David Wilmot da ya nemi a hana bauta a duk ƙasar da za a ƙwato daga Mexico a 1846, shi da bakinsa yace don farar fata ma'aikata yake yi. Oregon kuma a 1857 sun hana bauta sun kuma hana 'yantattun baƙaƙe zama a cikinta, duk a kundi ɗaya.

Hajiya Ummi: Ƙanena ai ba Wilmot kaɗai bane a Arewan Amurka, inda jihohi marasa bauta suke. Frederick Douglass, bawan da ya gudo ya zama jagoran yaƙi da bauta fa? Masu ɓoye bayin da suka gudo bayan dokar 1850 ta sa tara da ɗauri kan mai taimaka musu fa?

Auwal: Sune 'yan tsiraru wlh

Yaya Sadiq: Toh ni tambayata Malam Bala, kujerun na tsaron mene ne? Bayi kusan miliyan 4 ake da su a 1860, sune jarin Kudu, auduga kuma tana gajiyar da ƙasa dole a nemi sabuwa, ga masu sayar da bayi daga Virginia suna son kasuwa. Duk ɓangarorin sun yarda in aka killace bauta a hankali zata shaƙe. Shi yasa hukuncin kotun ƙoli na 1857 kan shari'ar bawan nan Dred Scott da yace majalisa bata da ikon hanata a yankuna ya tada hankalin Arewa, shi yasa kuma da Abraham Lincoln yaci zaɓen shugaban ƙasa jihohin Kudu 7 suka ɓalle daga Amurka tun kafin a rantsar dashi, alhali cewa yayi bazai taɓa bauta inda take ba, yaɗuwa kawai zai hana.

Malam Bala: Ai ka ƙara min hujja Sadiq, Lincoln ɗin ma bai yi alkawarin 'yanta kowa ba.

Yaya Sadiq: Bai yi ba, amma masu bayin sun fahimce shi sarai, ka duba takardar ɓallewar South Carolina ta Disamba 1860, bauta suka ambata ƙarara ba kujera ba.