Doki ya taka ni, mage ta jiƙa takarduna, ga intabiyu ranar Alhamis

Mai Akawal ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe cikin harkar dabbobi, da kuma waɗanda suka san yadda ake tantance masu neman aiki, domin al'amuran biyu sun haɗe mini a mako guda. An kira ni intabiyu ranar Alhamis, kuma shi ne kira na farko da na samu bayan wata goma sha ɗaya ina aika takardu ba amsa. Tun da saƙon ya shigo barcina ya ragu, duk inda na zauna sai in tsinci kaina ina amsa tambayoyin da babu wanda ya yi mini.

Jiya Litinin da safe na shiga barga domin in goge dokin da nake kula da shi shekara huɗu ke nan ba tare da ya taɓa yi mini ko da cizo ba. Hannuna yana kan ragama, bakina yana maimaita bayanin da zan yi game da kaina, sai ya ɗaga kai, ya matsa gefe, ya sauke kofatonsa na gaba a kan ƙafata ta dama. Silifa ce a ƙafata, saboda haka na san inda laifin yake. Babban yatsan ya kumbura, farcen ya yi baƙi, akwai ɗan yanka a gefensa, takalmin da na tanada domin ranar kuwa ya ƙi shiga. Da na koma ɗaki ina ɗingishi, na tarar magen gidanmu ta hau tebur ta ture kofin ruwa a kan kwafin takardun shaidata, kuma garin in sauke ta da sauri ta yakushe ni a bayan hannu.

Shin in nemi a ɗaga mini ranar, ko in je a haka? Idan na je, in yi bayanin ɗingishin ko in yi shiru? Sannan mene ne maganin wannan faɗuwar gaba, tun da ina zargin ita ce ta jawo mini duk wannan?

Tsohon Mahayi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Sannu ɗana, Allah ya sawwaƙe. Zarginka yana kan hanya, kuma ba na jin dokin ya canza hali; kai ne ka shiga wurinsa da wani jiki dabam da wanda ya saba da shi. Doki dabba ce da ake farautarta a daji, saboda haka rayuwarsa duka a kan lura da abin da ke kusa da shi take. Yana jin yadda ka damƙe ragama, yana jin numfashinka ya gajarce, yana ganin kafaɗunka sun ɗage, sai ya ɗauka akwai abin tsoron da kai ka gani shi bai gani ba. An gwada wannan a ƙasar Suwidin, a wani bincike da aka wallafa a 2009: aka gaya wa masu jan dawaki da masu hawansu cewa za a buɗe lema kwatsam idan sun zo wucewa, ba a kuwa buɗe ta ba, amma bugun zuciyar mutanen ya ƙaru, na dawakin ma ya bi sahu, alhali su dawakin ba wanda ya gaya musu komai.

Akwai kuma tsohon labarin wani doki a Balin ta ƙasar Jamus mai suna Hans, wanda mai shi, Wilhelm von Osten, ya yi imanin ya iya lissafi, domin idan an tambaye shi sai ya riƙa buga kofato har ya kai adadin da ake nema. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Oskar Pfungst, ya fitar da sakamakon bincikensa a 1907, inda ya nuna cewa dokin ba ya ƙirga komai. Fuskar mai tambaya yake kallo, da zarar jikin mutumin ya saki saboda an kai lambar da yake jira, sai ya daina bugawa. Idan mai tambayar bai san amsar ba, Hans ma sai ya ɓata. Dabbar da ke iya karanta motsin da mutum bai san ya yi ba, ba za ta rasa gane wanda ya kwana uku bai yi barcin kirki ba.

Game da takun kansa, ka tuna cewa ko da yake idanunsa suna gefen kai har yana ganin kusan ko'ina a kewayensa, ba ya ganin abin da ke bayan wutsiyarsa daidai, ba ya kuma ganin ƙasan hancinsa, wato wurin da ƙafarka take. Matsakaicin doki yana kai kilo 400 zuwa 500, kuma fiye da rabin wannan nauyi a ƙafafun gaba yake. Idan ya sake taka ka, kada ka fizge ƙafar, domin fizgar ce ke yage fata da farce. Ka tura kafaɗarsa da ƙarfi har ya mayar da nauyinsa ɗaya ɓangaren. Silifa kuwa, ni da kaina sai da na rasa farce biyu kafin na yarda cewa ba a shiga barga da ita. Daga yau zuwa Alhamis ka bar wani ya yi shara da guga, kai ka tsaya daga nesa ka gaishe shi.

Anti Mai Jinya ta amsa:

Ƙanena, kafin maganar intabiyu, ƙafar nan tana bukatar a duba ta yau, ba gobe ba. Babban yatsa shi ne ke ɗaukar nauyi idan mutum zai ɗaga ƙafa, saboda haka idan ya karye ba a wasa da shi kamar ƙananan yatsu, kuma hoto ne kawai zai tabbatar. Baƙin da kake gani jini ne da ya taru a ƙarƙashin farce. Idan yana zogi, ma'aikacin lafiya zai iya huda farcen ya saki jinin, amma hakan ya fi amfani a kwana ɗaya ko biyu na farko kafin jinin ya daskare. Kada ka gwada da allura a gida. Mai yiwuwa farcen ya fita daga baya, sabon kuma yakan ɗauki shekara guda ko fiye kafin ya cika.

Abin da ya fi damuna shi ne yankan. Ƙwayar cutar tetanus, mai sandarar da jiki, tana zama a cikin ƙasa da kashin dabbobi, na doki musamman, don haka rauni a barga rauni ne mai datti ko da ƙarami ne. Idan allurar rigakafinka ta ƙarshe ta wuce shekara biyar, ko ba ka tuna lokacin da aka yi maka ita ba, ka faɗa wa ma'aikatan lafiya. Yakushin magen ma ka wanke shi da sabulu da ruwa mai gudu na kamar minti 15, ka kuma gaya musu ko an yi mata rigakafin cutar haukan kare. Kafin nan ka ɗora ƙafar a kan matashi, ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka riƙa sawa minti 15 zuwa 20.

Tun da magen taka mai hawa tebur ce, ka ɓoye duk maganin da aka ba ka. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe mage, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu.

Hajiya Mai Tantancewa ta amsa:

Na yi shekaru ina zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata, kuma shawarata ita ce kada ka nemi a ɗaga ranar sai idan likita ya hana ka taka ƙafar. Yawanci rana ɗaya ko biyu ake haɗa kwamiti, kowa ya baro aikinsa, wanda ya nemi wata rana kuwa sau da yawa yakan zo ya tarar zukata sun riga sun karkata ga wani. Abin da ya dace shi ne ka aika gajeren saƙo gobe, ka ce ka ji rauni a ƙafa, za ka zo da buɗaɗɗen takalmi, ka kuma tambaya ko sai an hau bene. Takardun ka sake buga su, ka sa a jakar leda, ainihin takardun shaidar kuma ka ajiye su inda mage ba ta kaiwa.

Bayanin ɗingishin kada ya wuce jimla ɗaya, kuma a bakin ƙofa. Shiru ya fi muni, domin idan ba ka faɗa ba, idanunmu za su yi ta komawa kan ƙafar maimakon kunnuwanmu su tsaya kan maganarka. Na taɓa tantance wata baiwar Allah ta intanet, tana cikin amsa tambaya magenta ta bi ta kan kwamfutar, wutsiya ta rufe kyamara gaba ɗaya. Ta ɗauke ta, ta ajiye a ƙasa, ta ba da haƙuri sau ɗaya, ta ci gaba daga kalmar da ta tsaya. Mun ɗauke ta, kuma zan iya cewa yadda ta dawo kan maganarta ya burge mu fiye da amsar kanta.

Faɗuwar gaba ba ta tafiya don an umarce ta. Jiki ne ke sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, baki ya bushe, tafin hannu ya yi gumi, kuma daidai haka yake yi idan mutum yana ɗokin wani abin alheri. Wata malama a Jami'ar Harvard, Alison Wood Brooks, ta wallafa bincike a 2014 da ya nuna cewa waɗanda suka gaya wa kansu ɗoki suke yi kafin su yi jawabi sun fi waɗanda suka yi ƙoƙarin tilasta wa kansu natsuwa taɓuka abin kirki. Ka daina haddace amsoshi kalma bayan kalma, domin mai hadda idan kalma ɗaya ta kuɓuce masa sai sauran su bi ta. Ka riƙe labarai uku na aikin da ka taɓa yi, kowanne da matsalar, da abin da ka yi, da yadda aka ƙare. Idan kana zaune kana jira, ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali ya fi jan tsawo.

Ɗan Barga ya amsa:

Hajiya, da girmanki, ni ban yarda ya ambaci doki ba. Wasu da sun ji doki sai su ɗauka mai hali ne wanda ba ya bukatar aikin, wasu kuma su ce wanda ya shiga barga da silifa ba shi da kula. Ya ce ya ji ciwo a ƙafa, ya tsaya nan.

Hajiya Mai Tantancewa ta sake amsawa:

Maganarka tana da tushe, Malam. Ya fara da cewa ya ji ciwo, ba sai ya kawo silifa ba. Amma idan aka tambaye shi yadda aka yi, ya faɗi gaskiya, domin mutumin da ya shekara huɗu yana tashi da asuba saboda dabbar da ba ta san ranar hutu ba yana da abin nunawa.

Mai Akawal ya dawo:

Na gode muku duka. Hoto ya nuna ƙashin bai karye ba, an huda farcen, an yi mini allurar tetanus, zogin kuma ya ragu tun daren Talata. Yau Alhamis na je intabiyu da takalmi ɗaya rufaffe, ɗaya buɗaɗɗe. Na ce na ji ciwo kamar yadda Ɗan Barga ya ba da shawara, sai shugaban kwamitin ya tambayi dalili, na ce doki ne ya taka ni. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya ya ce shi akuya ce ta taɓa cinye masa takardar biyan albashi, daga nan na ji kafaɗuna sun sauka. Tambaya ta uku ta kuɓuce mini, na nemi a maimaita, aka maimaita. Sun ce za su tuntuɓe ni cikin mako biyu. Da yamma na shiga barga da takalmin ƙanena wanda ya fi nawa girma, dokin ya sunsuni aljihuna ya ci gaba da cin ciyawarsa, magen kuwa na same ta tana barci a kan jakar ledar.