Shin shirye-shiryen girki da tafiye-tafiye suna kusantar da al'ummomi?

Mai Neman Sani: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son jin ra'ayinku: kallon shirye-shiryen talabijin na abinci da tafiye-tafiye yana sa mutum ya fahimci wasu al'ummomi, ko kuwa nishaɗi ne kawai?

Malam Nazari: Wa alaikumus salam. Amfaninsu yana da yawa. A shekarar 2016, marigayi Anthony Bourdain, mai gabatar da irin waɗannan shirye-shirye, a cikin wani shirinsa ya zauna da Shugaba Obama a wani ƙaramin gidan abinci a Hanoi, babban birnin Vietnam, kan kujerun roba, suna cin taliyar shinkafa, a ƙasar da Amurka ta yi shekaru tana yaƙi a cikinta. Wanda ya kalli wannan zai daina ganin Vietnam a matsayin fagen daga kawai.

Uwar Gida: Gaskiya ne Malam, amma sai an yi hattara. Wasu masu gabatarwa suna farautar abincin da zai ba mai kallo ƙyama, suna yatsina fuska a gaban mai girkin, kuma wannan raini ne.

Malam Nazari: Hajiya, kin yi gaskiya. Shirin ƙwarai shi ne wanda ake barin mai girki ta yi bayani da bakinta.